Ɗan bencin Kristiansund

A gidajen kallon ƙwallo na Funtua da Malumfashi, har Bakori da Danja da Kafur, in aka ambaci Ole Gunnar Solskjaer yawancin samari abu guda suke tunawa: kocin Manchester United da Liverpool ta bi har gida ta ɗura wa ƙwallo biyar a 2021. Ba laifinsu ba ne. Da yawansu ba a haife su ba lokacin da mutumin nan yake taka leda, wasu kuma suna goye. Amma labarinsa ya fi wannan yammacin tsawo, kuma ya cancanci a ba da shi tun daga tushe, balle a yanki irin namu da kowace unguwa ke da ƙungiyarta, kowace ƙungiya kuma ba ta rasa yaron da ya yi fushi ya daina zuwa atisaye don an ajiye shi a benci.

An haife shi ranar 26 ga Fabrairun 1973 a Kristiansund, wani ɗan gari da aka gina bisa tsibirai a gaɓar yammacin Norway, ƙasar nan da busasshen kifi mai tauri da ake sayarwa a kasuwanninmu yake fitowa. Mutanen garin ba su kai dubu 30 ba, wato Funtua ta ninka shi nesa ba kusa ba. Mahaifinsa, Oyvind, ɗan kokawa ne, har ya riƙe kambin ƙasar shekaru a jere. Yaron ya gwada sana'ar uban yana ƙarami, amma jikin babu, kullum shi ne a ƙasa, sai ya haƙura ya rungumi tamaula. Can ɗin ma bai tashi a wata babbar makarantar horar da yara ba. Ƙaramar ƙungiyar garinsu mai suna Clausenengen ya buga wa, a ƙananan rukunai, har ya haura shekara 21, a tsakani kuma ya yi shekara guda a aikin soja na dole. A wasa 109 ya ci ƙwallo 115. A ƙarshen 1994 ne koci Age Hareide ya ɗauko shi zuwa Molde, maƙwabciyar garinsu, inda ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko a babban rukuni. Shekarun da wasu suke yi sun riga sun zama taurari, shi a lokacin ya fara ganin fili mai cike da 'yan kallo.

Zuwansa Ingila ma ba shi aka je nema ba. A watan Yunin 1996 Norway ta karɓi baƙuncin Azerbaijan a wasan neman gurbin gasar kofin duniya, kocin Manchester United Alex Ferguson kuma ya tura ɗaya daga cikin mataimakansa, Jim Ryan, ya je ya duba masa wani ɗan baya, Ronny Johnsen. Norway ta ci 5-0, biyu daga ciki wani siririn yaro mai fuskar ɗalibin sakandare ne ya jefa su. Ryan ya koma da labarin mutum biyu maimakon ɗaya. A lokacin magoya bayan United Alan Shearer suke jira, sai ga shi ya tafi Newcastle kan fam miliyan 15, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a duniya. Su kuma aka kawo musu wanda ko sunansa ba su iya faɗa ba, kan fam miliyan ɗaya da rabi. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Ranar 25 ga Agusta, a wasa da Blackburn, aka sako shi daga benci, minti shida da shigarsa ya zura ƙwallo. Ya gama kakar da 18 a gasar Firimiya, ya fi kowa ci a ƙungiyar da Eric Cantona yake kyaftin, suka kuma ɗauki kofi.

Duk da haka bai samu kujerar dindindin ba. Ga Andy Cole, ga Teddy Sheringham da ya zo a 1997, sannan a 1998 aka sayo Dwight Yorke da kuɗi mai tsoka. Masu cin ƙwallo huɗu, gurbi biyu. A bazarar Turai ta wannan shekarar Tottenham ta taya shi fam miliyan biyar da rabi, shugabannin United suka sallama. Duk mai ba da shawara zai ce masa ya tafi inda za a riƙa fara wasa da shi kowane Asabar. Ya shiga ofishin Ferguson, dattijon ya shaida masa cewa shi bai so ya tafi, kuma zai samu rabonsa na wasa. Kan wannan maganar ta fatar baki ya ƙi tafiya.

A nan ne zuciyar labarin take. Zaman benci ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda ya san ya iya. Kowa ya san yadda yake kasancewa a filayenmu na ƙasa: an jera yara a bakin layi, wannan ya cire takalmi, wancan yana hira da 'yan kallo, wani ya haɗe rai yana jiran a ci ƙungiyarsu don a gane darajarsa. In aka kira shi saura minti goma sai ya shiga da sanyin jiki da zafin zuciya, bai san ma ta wane gefe abokan hamayya suke da rauni ba. Solskjaer ya sha bayyana cewa shi kallon wasan yake yi kamar ɗalibi. Idonsa na kan 'yan bayan da zai tarar: wa ya fara haki, wa ya karɓi katin gargaɗi har yake tsoron sa ƙafa, wa yake juyawa a hankali, ta wane ɓangare gola yake son faɗuwa. Kamar manoma biyu ne da damina ta yi wa jinkiri, ɗaya ya zauna gindin bishiya yana mita, ɗaya yana tsince iri yana gyara garma. Ranar da ruwa ya sauka ba tare za su shiga gona ba. Ferguson da kansa ya lura da wannan ɗabi'a tasa, ya kuma sha yabonta.

Sakamakon ya fito a kakar 1998/99. A watan Janairu, a gasar kofin FA, Liverpool na gaba da ci ɗaya tun minti na uku, Yorke ya farke saura minti biyu, sannan Solskjaer, wanda ya tashi yana goyon bayan Liverpool ɗin tun yana yaro, ya shigo daga benci ya kashe wasan a ƙarin lokaci. Ranar 6 ga Fabrairu a gidan Nottingham Forest aka sa shi ana 4-1, saura ƙasa da minti ashirin, da umarnin a riƙe ƙwallo kawai a lallaɓa a tashi. Ya ci huɗu shi kaɗai, aka tashi 8-1.

Sai daren 26 ga Mayun 1999 a Barcelona. A nan gida hankali na kan Abuja, saura kwana uku Janar Abdulsalami ya miƙa wa Obasanjo mulki. Gidajen kallo ba su cika gari kamar yanzu ba, kuma masu bin ƙwallon Ingila a Arewa da yawansu Arsenal suka karkata saboda Nwankwo Kanu da ya koma can a farkon shekarar, ga shi United ta ƙwace musu kofin Firimiya da tazarar maki ɗaya tak. Wasan ƙarshe ne na kofin zakarun Turai da Bayern Munich. United ba ta da Roy Keane, ba ta da Paul Scholes, duka an dakatar da su. Minti shida da farawa Mario Basler ya ci da bugun tazara. Gaskiyar magana Jamusawan sun fi wasa a daren. Mehmet Scholl ya buga ta daki turke, Carsten Jancker ya buga ta daki sandar sama. Ferguson ya sa Sheringham a minti na 67, ya bar Solskjaer yana ta ɗumama jiki a bakin layi har minti na 81. Da lokaci ya cika aka ɗaga allo: ƙarin minti uku. Beckham ya bugo kwana, gola Peter Schmeichel ya baro ragarsa ya taho, ƙwallo ta dawo wa Ryan Giggs, ya buga ba da ƙarfi ba, Sheringham ya karkatar da ita raga. Kowa ya fara lissafin ƙarin rabin awa. Ba a daɗe da take wasa ba Solskjaer ya kora ƙwallo ta gefen hagu ya samo wata kwanar. Beckham ya sake bugowa, Sheringham ya goga mata kai, Solskjaer ya miƙa ƙafar dama ya cusa ta saman raga. Samuel Kuffour, ɗan Ghana da ya tsare bayan Bayern da kyau duk daren, ya faɗi yana dukan ƙasa da hannu yana kuka, sai da alƙalin wasa Pierluigi Collina ya riƙa ɗaga 'yan Bayern don a ƙarasa daƙiƙun da suka rage. United ta haɗa kofin Firimiya da na FA da na zakarun Turai a kaka guda, abin da babu ƙungiyar Ingila da ta taɓa yi kafin nan.

Wannan kowa ya taɓa ganinsa a waya ko bai san tarihin ba. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne abin da ya biyo baya, kuma ni a wurina ya fi ƙwallon Barcelona nauyi.

A 2003, yana da shekara 30, ya kai matsayin da ya daɗe yana nema. Ferguson ya mayar da shi gefen dama, har ya fara da shi ya ajiye Beckham a benci a wasa da Real Madrid. Da aka sayar da Beckham, gurbin ya zama kamar nasa. Sai a watan Satumba, a wasa da Panathinaikos, gwiwarsa ta dama ta samu matsala. Guringuntsi ne ya lalace, ciwon da ba ya warkewa da hutun sati biyu. Ya dawo a farkon 2004, ciwo ya ƙi, aka yi masa babbar tiyata a watan Agusta, kakar 2004/05 gaba ɗayanta ta wuce bai taka fili ba. Da ya fara dawowa a ƙarshen 2005, tare da yaran ƙungiya ta biyu yake wasa, can kuma a watan Maris na 2006 aka karya masa ƙashin kunci. Mutum ne da ya riga ya tara kuɗi, ya ci duk kofin da ake ci, ya haura talatin. Ba wanda zai zarge shi da ya rataye takalmi. A tsawon wannan lokaci magoya baya ba su daina rera sunansa a filin Old Trafford ba, sun kuma rataya ƙyalle mai ɗauke da lambar rigarsa, 20. Ranar 23 ga Agustan 2006 a gidan Charlton ya shigo daga benci ya ci ƙwallo, ta farko a gasar Firimiya tun Afrilun 2003, ya je gaban magoya bayan da suka bi ƙungiyar ya rusuna musu. Ya ci 11 a wannan kakar, ya ɗauki kofin Firimiya na shida. Gwiwar ta sake tashi, a watan Agustan 2007 ya yi ritaya da ƙwallo 126 a wasa 366.

Shekarun jinyar nan ba a banza suka tafi ba. A cikinsu ya fara neman takardun shaidar horarwa, yana kuma rubuta yadda Ferguson yake tsara atisaye da yadda yake magana da 'yan wasa. Akwai darasi guda da ya karɓa da zafi tun 1998: a wasa da Newcastle, ana kunnen doki, Rob Lee ya tsere shi kaɗai zai ci, Solskjaer ya biyo shi tun daga wancan gefen fili ya kwashe masa ƙafa da gangan, ya karɓi jan kati, 'yan kallo suka miƙe suna tafa masa. Ferguson bai tafa ba. Ya kira shi ofis, ya ci shi tara, ya nuna masa cewa ba da irin wannan ƙungiyar take neman nasara ba.

Ya horar da ƙungiya ta biyu ta United daga 2008, inda yara irin su Paul Pogba da Jesse Lingard suka bi ta hannunsa. A farkon 2011 ya koma Molde a matsayin koci. Ƙungiyar ta cika shekara ɗari da kafuwa a wannan shekarar, ba ta kuma taɓa ɗaukar kofin gasar ƙasar ba, Rosenborg ce ta saba mamaye komai. Wasansa na farko sabbin hawa, Sarpsborg, suka yi masa 3-0. Kafin Oktoba ya ƙare Molde ta zama zakara. Ya maimaita a 2012, ya ƙara da kofin ƙalubale a 2013. Cikin 'yan gaban da suka yi masa wannan aiki akwai Daniel Chima Chukwu, haifaffen Kano.

Cardiff kuwa kuskure ne, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya karɓe ta a Janairun 2014 tana tangal-tangal, ta faɗi daga Firimiya a matsayi na ƙarshe, kafin watan Satumba ya fita an rabu. Ya koma garinsu, ya riƙa taimaka wa matasan Clausenengen, har Molde ta sake kiransa a Oktoban 2015. A wannan zangon ne wani dogon yaro ɗan shekara 16 mai suna Erling Haaland ya zo hannunsa a 2017. Ranar 1 ga Yulin 2018 yaron ya ci Brann ƙwallo huɗu cikin minti 21 na farko. Solskjaer ya faɗa daga baya cewa ya kira tsohuwar ƙungiyarsa United ya ce su saye shi kan kusan fam miliyan huɗu, ba su saya ba. Yau a rigar Manchester City yaranmu suke ganinsa.

Da aka sallami Jose Mourinho a Disamban 2018, United ta aro Solskjaer daga Molde don riƙon ƙwarya zuwa ƙarshen kaka. Wasan farko a Cardiff ɗin da ya baro, ya ci 5-1. Ya ci wasa takwas a jere. Ranar 6 ga Maris 2019 ya je Paris bayan PSG ta ci shi 2-0 a gida a kofin zakarun Turai, da manyan 'yan wasa kusan goma ba sa nan, benci cike da yara. Romelu Lukaku ya ci biyu, sannan a ƙarin lokaci na'urar bidiyo ta ba da fenareti, Marcus Rashford ya buga, PSG ta fita. Wannan daren gidajen kallon Funtua sun shaida shi, masu kwana kusa da su ma sun shaida. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar masa da aikin.

A Janairun 2020 ya yi abin da 'yan Najeriya ba za su manta ba. Rashford ya ji ciwo, ana neman ɗan gaba cikin gaggawa, a ranar ƙarshe ta kasuwar 'yan wasa ya aro Odion Ighalo daga Shanghai Shenhua ta ƙasar Sin. Ighalo ya tashi a Ajegunle ta Legas yana tara 'yan canji don ya biya kuɗin gidan kallo ya ga United, kamar dai yadda yaranmu suke yi, kuma ta Norway ya shiga Turai, ƙungiyar Lyn ta Oslo, a 2007. Ya yarda a rage masa albashi, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar United, mafi yawa daga benci, ya ci biyar. Ina ganin ba kowane koci ne zai gane amfanin mutum irin wannan ba.

To mene ne gaskiyar aikinsa a United? Ya gama na uku a 2020, na biyu a 2021. Ƙungiyarsa ta yi wasa 29 a jere a waje ba a doke ta ba a Firimiya. Ya dawo da walwala gidan da Mourinho ya bari a ɗaure, ya ba yara dama. Amma kofi ko ɗaya bai ɗauka ba: sau huɗu yana faɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe. Damar da ta fi kusa ta zo a Gdansk ta ƙasar Poland, wasan ƙarshe na kofin Europa da Villarreal, kuma ranar 26 ga Mayu ce, shekara 22 cif bayan Barcelona. Gerard Moreno ya ci, Edinson Cavani ya farke. Unai Emery ya canza mutum biyar kafin minti 90 su cika, ya zuba sabbin ƙafafu. Solskjaer bai taɓa bencinsa ba sai a minti na 100. Har yau wannan yana yi mini ciwo. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ɗan benci zai iya yi wa 'yan baya da suka gaji, ya tsaya yana kallon nasa suna gajiya. Ya yarda da sha ɗayansa na farko har yardar ta yi yawa, irin amanar da Ferguson ya ba shi ce yake son bai wa wasu, amma Ferguson yana haɗa amana da rashin sabo in lokacin yanke hukunci ya yi. Aka je bugun fenareti, mutum 21 suka ci a jere, gola David de Gea ya buga ta 22 aka tare.

Daga nan abin ya gangara da sauri. Cristiano Ronaldo ya dawo a Agustan 2021, buri ya hau sama, tsarin ƙungiyar kuma ya rikice. Liverpool ta ci 5-0 ranar 24 ga Oktoba, Mohamed Salah ya jefa uku. City ta zo ta ci 2-0 ba tare da ta yi gumi ba. Ranar 20 ga Nuwamba a Watford aka tashi 4-1. Ƙwallo ɗayan da United ta ci, ta ƙarshe a zamaninsa, Donny van de Beek ne ya ci ta, ɗan wasan da shi kansa ya daɗe yana ajiyewa a benci. Ta huɗun da ta rufe littafin kuma Emmanuel Dennis ne, haifaffen Yola. Da aka tashi ya taka har gaban magoya bayan da suka yi tattaki, ya ɗaga hannu biyu yana ba su haƙuri, wasu na yi masa ihu, Bruno Fernandes na yi musu nuni cewa laifin na 'yan wasa ne duka. Washegari aka sallame shi. Kocin da aka kora yakan fita ta ƙofar baya ya bar lauyoyi su yi magana. Shi ya zauna gaban kyamarar gidan talabijin na ƙungiyar, ya gode wa ma'aikata da magoya baya, ya yi wa wanda zai gaje shi fatan alheri, muryarsa na rawa.

Ya yi shekara uku ba ya horar da wata babbar ƙungiya, sai aikin nazarin wasanni da yake yi wa hukumar ƙwallon Turai. A Janairun 2025 Besiktas ta Turkiyya ta ɗauke shi, ya fara da lallasa Athletic Bilbao 4-1, a ƙarshen Agusta kuma suka sallame shi bayan Lausanne ta fitar da su daga gasar Turai. A wannan shekarar United ta gama Firimiya a matsayi na 15. Daga tafiyar Ferguson a 2013 zuwa ƙarshen kakar 2024/25, cikin duk waɗanda suka riƙe ƙungiyar, Moyes da Van Gaal da Mourinho da Ten Hag da Amorim, babu wanda ya gama cikin huɗun farko shekara biyu a jere sai shi.